Ina Orfilia? Ta'aziyyar Malama Herminia Zuluaga

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Herminia Zuluaga a gidanta da ke bayan makarantar firamare ta ƙauyenmu, Piedra Mora. Ta rasu tana da shekara saba'in da bakwai, bayan jinyar wata takwas. Shi ya ba mu ita, shi kuma ya karɓi abarsa.

Ina zaune kan keken ɗinki sai Marleny, 'yar ƙaninta da ta yi jinyarta, ta leƙo ta taga ta ce da ni, "Anti Nubia, ta tafi." Na ɗauke ƙafa daga kan keken, na yi alamar gicciye, na jira kuka. Kukan ya zo, amma ba shi ya fara zuwa ba. Abin da ya fara fita daga ƙirjina ajiyar zuciya ce mai tsawo, irin ta wanda ya sauke buhu bayan ya hau tudu da shi.

Zan faɗi gaskiya, Malama, tunda ke kika koya mini faɗarta, ko da yake kin sha fama kafin in koya. Na ji sanyi a raina da kika tafi. Na farko, ciwon nan ya ci ki har kin koma ba kya iya ɗaga cokali, ke da kike ɗaga benci da hannu ɗaya idan ana share aji. Na biyu kuma, kin tafi bayan na ba ki amsar tambayar da kike yi mini tun ina 'yar shekara tara. Tun ranar da likita ya ce da Marleny a mai da ke gida, babu sauran abin da za su iya, tsorona ɗaya ne: kada a rufe ki da ƙasa ban amsa ba. Wanda bai zauna a ajinki ba ba zai gane wannan tsoron ba, don haka bari in faɗi yadda kike koyarwa.

Duk wanda ya bi ta hannunki cikin shekara talatin da takwas da kika yi a makarantar nan ya san malafar. Ranar Litinin ta farko a shekarar karatu, sai ki rubuta sunayenmu a guntayen takarda, ki zuba a malafar marigayi mahaifinki, ki girgiza, ki zaro biyu-biyu. Wanda sunansa ya fito tare da naka, shi ne abokin amsarka har shekara ta ƙare. Idan kina kiran suna da safe, ba mai sunan ke amsawa ba, abokinsa ne zai ce, "Yana nan." In ba ya nan, sai abokin ya faɗi dalili. In bai san dalilin ba, da an tashi zai kwafi darasin ranar a takarda, ya kai masa har gida, ya gan shi da idonsa, washegari ya kawo labari. Ban taɓa ganin kin tsaya gaban allo kina yi mana dogon bayani kan riƙon amana ba. Ƙafafunmu kika sa suka koya, a kan tuddan nan da hanyoyinsu masu santsi.

Iyaye ba su so abin ba da farko. Na tuna shekarar da malafa ta haɗa Gildardo da Hernando, alhali iyayensu maza sun shekara goma ba sa gaisawa saboda wani idon ruwa da ke kan iyakar gonakinsu. Washegari Baba Crisanto, uban Gildardo, ya zo bakin aji da addarsa a ƙugu, ya cire hula ya ce, "Malama, a sake girgiza malafar nan."

Kika ce, "Malafar ba ta san rigimarku ba, Baba Crisanto. Ga ta can a rataye, in kana so ka shiga ka yi mata bayani."

Ya mai da hularsa ya tafi yana ƙunƙuni. Bayan wata biyu ƙyanda ta kwantar da Gildardo. Ranar farko Hernando ya maƙale takardar darasi a jikin shinge ya sheƙa da gudu. Kika tambaye shi ko ya ga abokinsa da ido, ya ce a'a, kika ce to ba a kai saƙo ba, a sake. Kafin kwana goma sha biyu su cika, a tsakar gidan yake zama yana cin wake da soyayyen agade daga hannun matar Baba Crisanto. Har abin ya zarce inda kika nufa. Wata safiya kika kira Gildardo, Hernando ya miƙe fuska a ɗaure ya ce cikinsa ke ciwo, yana gida a kwance. Mu duka muna hango mara lafiyar ta taga, a kan bishiyar gwaba, baki cike. Ba ki ɗaga murya ba. Cewa kika yi, "To je ka sauko da majinyacin a hankali, kada ya faɗo ciwon ya zama biyu." Da suka shigo kai a sunkuye kika ce da Hernando rufa wa aboki laifi ba shi ne riƙon amana ba, riƙon amana shi ne ka je inda yake ka dawo da shi. Su biyun nan, da furfurarsu, su suka riƙe gaban akwatin gawarki ranar Laraba.

Ba zan manta da tukunyarki ba. Kullum kafin mu iso kin dafa ruwan mazarƙwaila da madara, saboda yaran da ke saukowa daga nesa ba su karya ba. Amma kowa kike zuba wa, har ni da ubana ke da kantin ƙauye kuma na fito gida a ƙoshe, domin kada a gane wa ke sha don yunwa. Sai da na girma na fahimci dalili. A lokacin na ɗauka ƙaunata kike yi fiye da kowa.

Yanzu ga nawa laifin. A shekarar 1979, ina aji uku, malafa ta haɗa ni da Orfilia Tabares. 'Yar masu ci-rani ce, irin waɗanda ke bin tsinkar gahawa daga gona zuwa gona. Iyayenta sun sami zama a wata babbar gona da ke tudun ƙetare, bayan gadar gora, uwar tana dafa wa ma'aikata abinci. Yarinya ce siririya, ba ta da magana, rigarta kullum da ƙaurin hayaƙi. Ba ta taɓa yi mini komai ba. Hasali ma ita ke riƙe mini jaka idan muna wasan tsalle.

A watan Oktoba, tsinka ta yi tsinka, ruwa na zuba kullum, Orfilia ta daina zuwa. Ranar farko na ce ban san dalili ba, kika ce in kai takarda. Na kwafi darasin, na je har bakin gadar, na ga taɓo, na dubi sabon takalmina, na dubi tudun, na juyo. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa mahaifiyata ce ba za ta so in shiga ɗakunan 'yan tsinka ba. Ƙarya ce, ban ma tambaye ta ba. Gaskiyar ita ce akwai wata ƙawata ta zuci a ajin, wadda abokiyar amsarta ta bar gari, kuma na san idan tawa ma ta tafi za ki haɗa mu. Washegari da kika kira sunan Orfilia na miƙe na ce, "Na je, Malama. Sun tashi. Sun bi tsinka wani gari."

Wa zai yi shakka? 'Yan ci-rani haka suke, yau suna nan, gobe ɗaki wayam. Kika ce Allah ya kiyaye hanya, kika ɗauki alƙalami kika ja layi a kan sunanta. Aka ba wata yarinya wurin zamanta, ni kuma na koma kusa da ƙawata ina murna.

Orfilia tana nan, ba ta je ko'ina ba. Uwarta ce ta haihu, haihuwar ta zo da gardama, ta kwanta sati biyar. Yarinyar nan 'yar shekara tara ita ke renon jariri, ita ke hura wutar girkin mutum ashirin. Da uwar ta miƙe, Orfilia ta wanke rigarta ta sauko makaranta. Ta iso ana kiran suna, ta tsaya a bayan taga. Ta ga wata zaune a wurinta, ta saurara har aka gama ba ta ji sunanta ba, ta juya ta hau tudu. Bayan kwana kaɗan suka tashi da gaske. A watan Janairu ne matar mai kula da gonar ta haɗu da ke a ƙofar coci ta ce, "Malama, ashe haka kuke korar 'ya'yan talakawa, ba ko sallama?"

Kin kira ni bayan an tashi. Na shirya wa duka, har na ƙosa a yi a gama. Ba ki taɓa ni ba, ba ki kai ƙarata gida ba. Kin sa na faɗi abin da na yi da bakina daga farko har ƙarshe, sannan kika ce, "Nubia, sunan yarinyar nan yana hannunki. Shekara ta ƙare ga kowa, ke taki ba ta ƙare ba. Ban sallame ki ba."

Daga ranar ba mu taɓa haɗuwa kin fasa ba. Za ki gaishe ni da fara'a, ki tambayi gida, ki yaba ɗinkina, sannan a ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji, ki ce, "Ina Orfilia?" Kin tambaye ni ranar da na gama firamare. Kin tambaye ni ranar aurena, kina gyara mini mayafi. Kin tambaye ni a bikin baftismar 'yata, a kasuwar Asabar, a cikin jip muna cunkushe tsakanin buhunan gahawa da kaji. Amsata ɗaya ce, "Ban sani ba, Malama." Sai ki gyaɗa kai ki ce, "To."

Wannan "to" ɗin ta fi bulala. Akwai shekarun da na ji haushinki ƙwarai, na ce wace irin mace ce wannan da za ta riƙe yarinya da laifi ɗaya har ta yi furfura. Nakan hango ki a hanya in shige bayan shagon aski. Sau biyu na sauya lokacin zuwa coci. Amma ƙauyen nan titinsa ɗaya ne, kuma ni ke ɗinka rigunan makaranta, ina zan gudu? Duk da haka ban neme ta ba. Na iya neman yadin da babu shi a gari uku, amma na ce wa kaina 'yar ci-rani ba ta nemuwa. Tsoro ne kawai. Ina tsoron in same ta a wulaƙance in san da hannuna a ciki, ina kuma tsoron a ce da ni ta mutu.

A watan Maris na bana na je duba ki da farfesun kaza. Kin rame har zoben hannunki na zamewa. Kika sha cokali biyu don kada in ji babu daɗi. Da zan fita kika buɗe baki za ki yi tambayar, numfashi ya ƙi, sai leɓunanki kawai suka motsa. Na fito na zauna kan dakalin makaranta na yi kuka kamar ba ni ce uwar 'ya'ya uku ba. A nan na san lokacin wasa ya wuce.

'Yata ta duba mini a waya, babu ko alama. Na bi gonaki ina tambayar tsofaffin 'yan tsinka, wannan ya ce ya san wani Tabares da ya rasu, wancan ya ce a'a, wani ne daban. Na gaya wa direbobin jip. Daga ƙarshe na kai cigiya gidan rediyo, shirin safe da manoma ke ji suna kora shanu, inda ake sanar da ɓatan alfadari da ranar jana'iza. Sati uku ana karantawa: ana neman Orfilia Tabares, wadda ta yi aji uku a Piedra Mora a 1979, malamarta ba ta da lafiya. Kullum da safe ina fara leƙa gidanki in ga ko tagar a buɗe take, sannan in dubi wayata. Ranar ƙarshe ta watan Afrilu wani direban babbar mota ya kira ni. Ya ji sanarwar yana wucewa ta yankinmu. Ya ce sunan surukarsa ke nan, tana sayar da wainar masara a bakin tasha, a wani gari can kudu.

Tafiyar awa bakwai ce. Na sauka da rana tsaka, zafi kamar bakin murhu, na hango wata ƙatuwar mace mai farin gashi tana juya waina kan gawayi tana yi wa wani kwandasta tsiya. Na je na tsaya a gabanta.

Ta ce, "Guda nawa, baiwar Allah? Da cuku ko babu?"

Na ce, "Orfilia, ni ce Nubia. Ta Piedra Mora."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "'Yar mai kanti! Ashe ke ce kika cika rediyo da sunana sai ka ce akuya ta ɓata. Surukina har tambayata yake ko gado na ci." Ta yi dariya, ta miƙo mini hannu a buɗe. "To ina takardar darasin? Ko har yanzu kwafa kike yi?"

Na so in yi dariya, ban iya ba. Ita ma dariyar ta janye daga fuskarta. Ta ce kullum da la'asar takan zauna bakin ƙofa da jaririn a cinya, tana kallon gadar gora, tana cewa yau dai Nubia za ta ɓullo. Ta ce da ta ga ban zo ba ta ɗauka ruwa ne ya hana. Abin da ya tsaya mata a rai tsawon shekarun nan ba ni ba ce. "Malama ce," in ji ta. "Matar da ta cire mini ƙwarƙwata a ɗakinta ba ta gaya wa kowa ba. Na ɗauka ita ma kallon 'yar ci-rani take yi mini, da na ɓace ta huta. Daga ranar ban ƙara taka ƙofar makaranta ba."

Kin ji, Malama, abin da na jawo miki. Shekara arba'in da huɗu tana riƙe da ke a kan ƙaryata. Na ce, "Ba ita ba ce. Ni na ce mata na je na tarar kun tashi. Ban je ba, a bakin gada na juya."

Ta tsaya tana kallona har waina uku suka ƙone. Sannan ta tura mini kujera da ƙafa ta ce, "Kin ƙona mini kaya. Zauna ki juya." Na zauna ina juya waina har la'asar, hayaƙi na cika mini ido, tana sallamar masu saye ba ta ko dubana. Da ta kashe wuta ta ce, "Gobe zan bi ki. Amma ki sani ba dominki ba."

Ranar Juma'a, uku ga Mayu, da safe muka shigo ɗakinki. Marleny ta jingina ki da matashi, ta buɗe taga, ana jin yara na karatu a makaranta. Na durƙusa kusa da gadon. Kika buɗe ido kika gan ni, kika tattara ɗan ƙarfin da ya rage kika ce, "Ina Orfilia?"

Na ce, "Ga ta nan, Malama."

Kalmomi huɗu ne, amma ban taɓa furta abin da ya yi mini daɗi a baki kamarsu ba. Na miƙe zan ba ku wuri, kika riƙe gefen rigata kika ce in tsaya, da ni za a yi. Kika kira ta, ta matso tana murɗa jakarta, wannan mace da ba ta tsoron kowa a tasha. Abin da kika faɗa ya ɗauke ki lokaci, kina hutawa tsakanin kalmomi, kuma ban taɓa zaton jinsa daga bakinki ba.

Kika ce, "'Yata, wannan ta yi ƙarya, amma shekararta tara. Ni shekarata talatin da biyu. Ni na ja layi a kan sunanki. Na kafa wa yara doka sai sun gani da ido, ni kuma na ji maganar yarinya na ɗauki alƙalami. Gonar nan tafiyar minti arba'in ce. Da 'yar mai gona ce da na hau tudun a ranar. Da aka ce 'yar ci-rani ce ta tashi, sai na yarda, domin abin da nake tsammani ke nan. Duk lokacin da na tambayi Nubia, rabin tambayar kaina nake yi wa. Na aika wasiƙu makarantu har na gaji, ban same ki ba. Ki yafe mini."

Ban san kin aika wasiƙu ba. Ban san kina ɗauke da rabin kayan ba. Ni da na ɗauka alƙali ce ke bina a titi, ashe abokiyar laifi ce ba ta da wanda za ta yi zancen da shi sai ni. Na ji kunyar duk ranakun da na ɓuya bayan shagon aski.

Orfilia ta ajiye jakarta. Ta dubi teburin gefen gado, ta ɗauki littafin Zabura da ke kai, ta buɗe inda zare yake, ta sa yatsa ta fara karantawa. A hankali take yi, kalma-kalma, tana komawa baya idan ta yi tuntuɓe, har ta kai ƙarshen shafin. Ta rufe ta ce, "Ina da shekara arba'in da takwas na koya, tare da jikana. A makare, amma na iya. Na yafe, Malama, har ga Allah." Sannan ta nuna ni da baki. "Wannan kuwa sai na yi shawara."

Kika yi dariya, Malama. Marleny ta ce rabonki da dariya tun kafin Kirsimeti. Dariyar ta jawo tari, tarin ya jawo hawaye, mu huɗu muka rasa mai rarrashin wani.

Kwana goma sha ɗaya kika ƙara. Orfilia ta ce za ta kwana biyu, amma ba ta tafi ba. Ita ke juya ki, ita ke shafa miki mai a baya, tana ba ki labarin 'ya'yanta biyar da ƙanen nan da ta rena, wanda yanzu makaniki ne mai tumbi. Ciwon bai ragu ba, ba zan yi ƙarya ba, amma fuskarki ta saki. Nakan shigo ki gaishe ni, ki tambayi gida, ki yi shiru, babu wata tambaya a baya. Ranar farko har na tsaya a bakin ƙofa ina jira, don jikina ya saba. Da safiyar Talata Orfilia na goge miki fuska da ruwan ɗumi kika cika, cikin sauƙi, kamar mai gyangyaɗi.

Ni kuwa duk kwanakin nan ina bin matar nan da ido, ina kai mata kofin gahawa, ina gyara mata wuyan riga ba ta sa ni ba, ba ta ce da ni komai ba. Sai da muka fito daga maƙabarta ranar Laraba, muna gangarowa, ta saƙalo hannunta cikin nawa saboda ciwon gwiwarta. Ta ce, "Ke 'yar mai kanti, ki daina kallona haka kamar wadda ta fasa tulu. Tun a mota na yafe miki. Barin ki na yi ki ɗanɗana jira. Sati biyu kacal kika yi duk kin zabge. Ni biyar na yi, da goyo."

A nan tsakiyar hanya na tsaya, mutane na wuce mu, na kasa tafiya. Sai da ta ja ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙaninki Baba Evelio, wanda ya rasa yaya kuma uwa, da Marleny, wadda ta bar aikinta a birni ta yi wata takwas tana jinya ba ta taɓa ɗaure fuska ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya saka muku da alheri, ya ba ku masu yi muku kamar yadda kuka yi. Ina yi wa malaman makarantarmu ta'aziyya, da dukan waɗanda suka zauna a ajinta, na nan da na nesa. Ana ci gaba da addu'ar kwana tara a gidanta kullum da yamma, ƙofa a buɗe take ga kowa.

Ya Allah mai jinƙai, ga baiwarka Herminia ta zo gare ka. Ta ciyar da 'ya'yan mutane, ta sulhunta gidaje, ta yi kuskure ɗaya da muka sani, ta ɗauke shi fiye da rabin rayuwarta, ba ta mutu ba sai da ta roƙi gafara da bakinta. Wadda aka yi wa laifin ta yafe. Kai ma ka yafe mata wannan da wanda ba mu sani ba. Ka haskaka makwancinta, ka ba ta hutawa ta har abada cikin salama, ka sada ta da iyayenta. Mu da muka rage ka ba mu ƙarfin gyara abin da muka ɓata tun masu shi suna raye. Amin.

Ki huta, Malama. Ni ma yanzu zan huta.

Ɗalibarki,
Nubia Cardona